Ku Tambaya Mu Amsa: Daji a Tsofaffin Fina-finan Rasha

Wasiƙun wannan makon duk daga Zariya da kewayenta suka fito, kuma sun taru a kan tsofaffin fina-finan da aka yi da Rashanci a zamanin Tarayyar Sobiyet, musamman waɗanda labarinsu ke gudana a daji. Mun taƙaita tambayoyin, mun haɗe masu kama da juna.

Tambaya, daga wani ɗalibi a Samaru: Assalamu alaikum. Malaminmu ya ce Rashawa sun yi fina-finan daji da suka yi suna a duniya. Ni kuwa abin da na sani game da Rasha sanyi ne da dusar ƙanƙara. Wane daji gare su, kuma da wane fim zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kana da gaskiya ta wani ɓangaren. Tarayyar Sobiyet, duk faɗinta, ba ta da ko taku ɗaya a yankin zafi na duniya. Iyakarta ta can kudu, garin Kushka a Turkmenistan, tana wajen digiri 35 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, alhali Zariya tana digiri 11. Don haka kurmi mai duhu da birai irin na Kuros Riba ko Kwango babu shi a can. Abin da suke da shi shi ne taiga. Kada sunan ya ruɗe ka da dabbar nan da yara ke kira taiga. Wannan sunan daji ne, ƙungurmin daji na itatuwa masu ganye siriri kamar allura, wanda ya miƙe daga iyakar Finland har bakin tekun Fasifik. Lokacin zafi fadama da sauro, lokacin sanyi ƙanƙara, kuma mutum zai yi kwanaki yana tafiya bai hango hayaƙin gida ba.

Ka fara da Dersu Uzala na 1975. Kamfanin Mosfilm ne ya yi shi, amma daraktan ɗan Japan ne, Akira Kurosawa, kuma shi kaɗai ne fim ɗinsa da ba da Japananci aka yi ba. Ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Mosko a shekarar, sannan ya ci Oscar ta fim ɗin harshen waje. An ciro labarin daga littafin Vladimir Arsenyev, hafsan soja kuma safiyo, wanda ya auna yankin kogin Ussuri a gabas mai nisa. A fim ɗin, a tafiyar 1902 ya haɗu da wani maharbi ɗan ƙabilar Nanai, Dersu, wanda agana ta kashe masa mata da 'ya'ya, ya koma ba shi da gida sai daji. Maksim Munzuk ne ya fito a Dersu, Yuri Solomin kuma a kyaftin Arsenyev.

Duk wanda ya taɓa zama da maharban ƙauyukanmu zai gane Dersu tun daga fitowar farko. Yana duban sawu ya faɗi wanda ya wuce da lokacin da ya wuce. Sojoji sun rataye kwalba suna gwada harbi, sai ya ce asara ce a fasa kwalba a inda ba a sayar da ita, ya harbi igiyar, kwalbar ta faɗo lafiya. Sun kwana a wata bukka da ba kowa, da za su tashi ya gyara rufinta da ɓawon itace, ya roƙi kyaftin a bar shinkafa da gishiri da ashana saboda wanda zai zo bayansu, mutumin da ba zai taɓa gani ba. Wuta da ruwa da iska duk "mutane" yake kiransu, yana cewa idan suka fusata abin tsoro ne.

Wurin da ya kamata ka kalla sau biyu shi ne na tafkin Khanka. Su biyu sun yi nisa a kan daskararren tafki, iska ta taso ta shafe sawunsu, rana na shirin faɗuwa. Dersu bai ɓata sauran hasken wajen neman hanya ba. Ya ce wa kyaftin ya yanki ciyawa da sauri, doguwar ciyawar fadama mai kama da kachalla. Suka yi ta yanka suna tarawa har kyaftin ya faɗi sumamme. Dersu ya kafa ƙafafu ukun nan na na'urar awon ƙasa a matsayin ginshiƙi, ya ɗaure da igiya, ya lafta ciyawar a kai, ya ja abokinsa ciki. Dabarar tana da hujja: iska ce ke kwashe ɗumin jiki fiye da sanyin kansa, busasshiyar ciyawa tana riƙe iska a tsakaninta kamar jinkar ɗaki, wuri ƙarami kuwa ɗumin mutum biyu ya ishe shi, sannan ƙanƙarar da ta zubo a kai ta toshe sauran kafofin. Kurosawa ya bar kyamara daga nesa, kusan babu magana, sai kukan iska da mutum biyu ƙanana a faɗin fari.

Kashi na biyu, tafiyar 1907, ya fi nauyi. Dersu ya harbi damisar dajin da yake girmamawa, idonsa ya fara dushewa, kyaftin ya kai shi gidansa a birnin Khabarovsk. A can ya ga ana sayar da ruwa da itace, ya sari bishiya a lambun gari aka kama shi. Ya roƙi a bar shi ya koma, kyaftin ya ba shi sabuwar bindiga, aka tsinci gawarsa babu bindigar. Ka lura da yadda fim ɗin ya buɗe: 1910, kyaftin yana neman kabarin, an sare itatuwan da ya yi alama da su ana gina gari. Taswirar da shi da Dersu suka sha wahala a kanta ita ce ta buɗe wa masu gatari hanya, kuma fim ɗin bai ɓoye wannan ba.

Tambaya, daga wani matashi mai ɗaukar hoto a Sabon Gari: Malam, ina ɗaukar biki da gajerun fina-finai. Na ga wani guntun fim ɗin Rasha baƙi da fari, mutane na gudu cikin daji yana cin wuta, kyamara na bin su. Yaya suka yi haka babu kwamfuta? Akwai abin da zan ɗauka in yi aiki da shi a nan?

Amsa: Bisa kwatancenka, Neotpravlennoye Pismo ka gani, wato "Wasiƙar da Ba a Aika Ba", na 1960. Mikhail Kalatozov ne darakta, Sergei Urusevsky mai ɗaukar hoto, su biyun da fim ɗinsu na baya ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a 1958. Mutum huɗu ne, maza uku da mace ɗaya, aka sauke su a taiga neman daimon. Labarin yana da tushe: a 1954 Larisa Popugaeva ta gano ramin daimon na farko a Yakutiya, can gabashin Siberiya, a 1955 aka gano na Mir. Aikin kamar na masu wankin zinari ne, a ɗebi tsakuwar rafi a wanke, sai dai su wani jan dutse ƙanƙani suke bi, domin yana fitowa daga dutsen da daimon ke ciki. Inda ya ƙara yawa, nan ake haurawa. A fim ɗin sun samu, suka zana taswira, sai gobarar daji ta rutsa da su. Rediyonsu ya lalace ta gefe ɗaya: suna jin ana taya su murna, su kuwa ba a jin kiransu. Ɗaya bayan ɗaya suka mutu, shugabansu kaɗai ya kai kogi a kan itatuwan da ya ɗaure, taswirar a jikinsa.

Yanzu ga aikin. Abin da ya ba masu ɗaukar hoton Sobiyet damar gudu da kyamara shi ne ƙananan kyamarorin hannu irin Konvas, mai cin fim na milimita 35. A hoto 24 cikin daƙiƙa, fim ɗin yana tafiyar kusan mita 27 a minti, ƙaramin gwangwaninta kuwa mita 60 yake ɗauka. Ka ga minti biyu da 'yan daƙiƙu ke nan, sai a tsaya a sauya. Shi ya sa kafin a kunna sai an bi hanyar da ƙafa sau da yawa, an san inda za a sunkuya da inda reshe zai shafi gilashin kyamara. Kyamarar tana da ƙara sosai, don haka ba a ɗaukar murya a daji. 'Yan wasa suna sake faɗin maganarsu a situdiyo, a ɗora ƙarar wuta da iska daga baya. Sanyi kuma yana da nasa sharrin: fim ya bushe ya riƙa karyewa, man da ke cikin inji ya daskare, batir ya mutu da wuri, idan an shiga da kyamara ɗaki mai ɗumi kai tsaye raɓa ta kwanta a gilashi. Dersu Uzala ma da aka ɗauka a fim na milimita 70, mai tafiyar kusan mita 34 a minti, za ka ga launinsa yana ɗan rawa a wasu wurare, saboda ingancin fim ɗin da masana'antarsu ke yi bai kai na waje ba.

Abin da za ka ɗauka na farko shi ne haske. Hayaƙi da ƙura ba sa fitowa a hoto sai haske ya bugo su daga baya. Ka sa rana a bayan 'yan wasanka, ka auna hasken da sararin sama, ka bar su su zama inuwa. Hazon hunturu kyauta ne gare ka a nan. Sai dai ka san bambancinmu da su: a can arewa rana tana daɗewa a ƙasa-ƙasa, mu kuwa miƙewa take yi kusan tsaye, digiri 15 a awa, bayan awa biyu da fitowarta ta yi sama hoton ya bushe. Bayan faɗuwarta kuma abin da ya rage maka bai wuce minti ashirin da 'yan kai ba. Idan za ka ɗauka a gindin Kufena ko bakin Galma, ka isa tun da asuba, a yi gwaji kafin rana ta leƙo.

Na biyu, wuta. Dogon gilashin kyamara, mai jawo abin da ke nesa, yana matse nisa, abin da ke mita goma a baya ya zama kamar yana taɓa kafaɗa. Saboda haka a hura ƙaramar wuta a gaban kyamara, wata a can bayan ɗan wasa, shi kuma yana tsakiya a filin da aka share. A yi a gonar da aka girbe, da izinin mai ita da sanin mai unguwa, a nome kewaye aƙalla mita biyar har ƙasa ta fito, a ajiye duro biyu na ruwa da mutane riƙe da ɗanyen ganye, a yi da sassafe kafin iska ta tashi, kyamara da mutane suna gefen da iskar ke fitowa. Kayan ɗan wasa su zama na auduga, domin nailan narkewa yake ya manne a fata. Busasshen daji a watan Janairu kuwa ko kusa kada ka kunna masa ashana; wutar da ta kuɓuce ba ta tsayawa sai ta ci rumbun wani.

Na uku, ƙura ita ce sanyinmu. Ka sauya gilashi a cikin mota a rufe, bakin kyamara yana kallon ƙasa, ka hure da famfon roba kafin ka goge, don tsumma a kan ƙura karce yake yi. Muryar kuma ka yi yadda suka yi: ka ɗauki ta gwaji a wurin, ka sake ta gaske a ɗaki.

Tambaya, daga wata malamar firamare a Tudun Wada: Yarana sun san katun ɗin Mowgli na Amurka. An ce Rashawa ma suna da nasu. Ya dace in nuna wa 'yan aji huɗu?

Amsa: Malama, ya dace, amma ki fara kallonsa ke kaɗai. Sunansa Maugli, kamfanin Soyuzmultfilm ya yi shi ƙarƙashin Roman Davydov, kashi biyar tsakanin 1967 da 1971, kowanne kimanin minti 20. Kashin farko ya fito a shekarar da na Disney ya fito, kuma dukansu daga labaran marubucin Ingila Rudyard Kipling na dajin Indiya aka ciro su, amma halinsu ya bambanta ƙwarai. Na Amurka waƙa da raha ne. Na Rasha labarin girma ne: jariri ya zama yaro, yaro ya zama saurayi, kyarkecin da ya shugabanci garke ya tsufa ya mutu. Kashi na huɗu yaƙi ne da rundunar jajayen karnukan daji, inda Maugli ya ja su ta gidan ƙudan zuma suka faɗa kogi. A na biyar ya kashe damisar da ke farautarsa tun yana jariri, allo ya rine ja. Waɗannan biyun ne za ki auna da shekarun yaranki.

Wani abu da zai yi wa yaranmu daidai: Bagira, baƙar damisa, namiji ne a littafin, amma Rashawa suka mai da ita mace saboda kalmar a harshensu ta mace ce. Mu ma a Hausa "ta" muke ce wa damisa, don haka ba za ki sha wahalar bayani ba.

Idan kina son darasin lissafi a ciki, ga shi. Hoto 24 ne a daƙiƙa, minti 20 daƙiƙa 1,200 ne, jimla hoto 28,800 a kashi ɗaya. Ko da an bar kowane zane ya tsaya hoto biyu, zane 14,400 ke nan da hannu, a kan farantan roba masu haske da ake ɗorawa a bisa zanen daji. Ba a iya jibga farantan da yawa, domin kowanne yana ɗan dusashe launin na ƙasansa. Ki ba yara kusurwar tsohon littafi su zana ƙwallo a shafi goma sha biyu, su karkaɗa da yatsa. Sun yi daƙiƙa ɗaya ke nan.

Tambaya, daga wani dattijo a Ƙofar Doka: A zamaninmu yara da yawa sun tafi karatu Mosko, an ce Rasha abokiyar Afirka ce. To a fina-finansu na daji, yaya suka nuna mu? Sun fi Turawan Tarzan adalci?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. A niyya sun bambanta, a ido kuwa ba su yi nisa da juna ba.

Tarzan ɗin kansa ya shiga Rasha. Bayan yaƙin duniya na biyu sojojinsu sun kwaso fina-finai daga rumbunan Jamus, a 1952 aka nuna na Tarzan da Johnny Weissmuller ya fito a ciki, jama'a suka yi ta cika silima. Tun kafin nan kuma akwai waƙar yara ta Korney Chukovsky ta 1925 game da ɗan fashi Barmaley, wadda ta buɗe da gargaɗin kada yara su je yawo Afirka, ta jera kada da goggon biri. Daga labaran marubucin nan aka yi Aibolit-66 na Rolan Bykov, inda likita ya tafi Afirka warkar da birai. Fim ne mai basira wajen wasa da allo, amma Afirkarsa wuri ne na dabbobi da 'yan fashi, ba ƙasar da mutane ke noma da ciniki da shari'a ba.

Wanda ya fi cancantar a tattauna shi ne Pyatnadtsatiletniy Kapitan, "Kyaftin Ɗan Shekara Goma Sha Biyar", wanda Vasily Zhuravlyov ya yi a 1945 daga littafin Jules Verne na 1878. Mugun kuku Negoro ya sa ƙarfe a ƙarƙashin kamfas ɗin jirgin ruwa, allurar ta karkace, yaron da ke tuƙi ya zaci Amurka ta Kudu ya nufa alhali gaɓar Angola aka kai su, hannun masu fataucin bayi. A littafin, cikin abubuwan da suka tona asirin har da ƙudan tsando, wanda ba a samu sai a Afirka. Fim ɗin ya tsaya a kan ƙin bauta ba tare da kwana-kwana ba, kuma ƙaƙƙarfan Hercules da ya ceci sauran baƙar fata ne na gaske ya fito a matsayinsa, Weyland Rodd, ɗan Amurka da ya koma zama a Tarayyar Sobiyet. Wannan abin yabo ne a wancan zamanin. Duk da haka wanda ke ba da umarni farar fata ne ɗan shekara goma sha biyar, 'yan ƙasa kuwa taro ne a baya, ba suna ba magana.

Angolar tasu a gefen Batumi take, a Jojiya, bakin Baƙin Teku. Ruwan saman wurin ya haura milimita 2,000 a shekara, ninki biyu na abin da Zariya ke samu, kuma tun 1912 akwai lambun da aka tara itatuwan ƙasashen zafi a can. Gaɓar nan da yankin Kirimiya su suka riƙa zama Afirka da Amurka ta Kudu da tsibirin Robinson Crusoe a fina-finai da dama. Dabarun sanannu ne: a sa ganyen ayaba ko gora dab da kyamara ya rufe itatuwan ƙasar sanyi da ke baya, a zana duwatsu a kan gilashi a tsayar a gaban kyamara, a ɗauki dabba daban a gidan zu a haɗa wajen tacewa. Idonmu yana kama su nan da nan. Inuwar tsakar rana takan fi tamu tsawo. Ƙasar ba ja ba ce, babu suri, babu kuka ko ɗorawa, bakin teku tsakuwa ne. Mutum da zaki ba sa haɗuwa a hoto ɗaya, kuma hasken da ke kan ɗaya ba shi ne a kan ɗayan ba.

A ganinmu nan ne bambancin yake. Inda suka ɗauki dajinsu, kamar a Dersu Uzala, sun san sunan kowace ciyawa da abin da take yi, maharbin ya fito mutum mai ilimi wanda hafsa ke koyo a wurinsa. Inda suka ɗauki namu, daga littattafan Faransa da Ingila suka aro shi. Alherin da suka yi wa Afirka a harkar fim ta wata ƙofar ya zo: Ousmane Sembène na Senegal ya koyi aikin a situdiyon Gorky a Mosko, Souleymane Cissé na Mali da Abderrahmane Sissako na Muritaniya sun yi makarantar fim ta VGIK, suka dawo suka ɗauki ƙasashensu da idonsu.

Tambaya, daga wani mai karatu a Gyallesu: Da gaske ne 'yan sama-jannatin Rasha sai sun kalli wani fim ɗin hamada kafin su tashi?

Amsa: Gaskiya ne. Beloye Solntse Pustyni, "Farar Ranar Hamada", na Vladimir Motyl, 1970. Tun farkon shekarun 1970 ya zama al'ada a kalle shi a Baikonur, filin da suke harba kumbo, kafin tashi. Soja Sukhov yana komawa gida a ƙasa ta hamadar gabashin tekun Kaspiyan, ya tarar da wani mutum, Sa'id, an binne shi a rairayi har wuya, ya tone shi, daga nan aka ɗora masa tsaron matan wani ɗan tawaye, Abdullah, su tara. Fim ne mai daɗin kallo, hamadar kuma ta gaske ce, a Turkmenistan aka ɗauki wani ɓangare. Amma ka kalle shi da sanin cewa Musulmin yankin da suka yi wa mulkin Mosko tirjiya su ne miyagu a ciki, kuma lulluɓin matan abin dariya aka mai da shi. Idan da iyali za ka kalla, ka tanadi bayani.

Tambaya, daga wani shugaban ƙungiyar matasa a Kwarbai: Muna son mu nuna ɗaya daga cikinsu a unguwa. Ina ake samu, nawa zai ci na data, kuma yaya za mu yi da harshen?

Amsa: Madalla da wannan niyya. Mosfilm yana da tasha a YouTube inda ya zuba ɗaruruwan tsofaffin fina-finansa kyauta, da yawa da fassarar Turanci a rubuce. Nan za ku fara dubawa, da sunayen Rashancin da muka rubuta a sama. Ku kula, Dersu Uzala biyu ne, akwai na Agasi Babayan na 1961. Ku duba sunan Kurosawa da tsawon awa biyu da kusan minti ashirin.

Lissafin data: hoto mai matsakaicin kyau yana cin kimanin megabit ɗaya a daƙiƙa, wato megabait 450 a awa, don haka Dersu zai haura gigabait ɗaya kaɗan. Wannan ya ishi waya, amma a jikin bango zai farfashe, itatuwa su zama dunƙule. Don majigi ku nemi hoto mai ingancin 720p ko sama, ku tanadi ninki biyu zuwa uku, ku tabbatar fim ɗin yana hannu tun da rana. Dogaro da sabis a gaban jama'a shi ke watsa taro.

Fim ɗin mai faɗi ne, faɗinsa ya ninka tsayinsa sau biyu da ɗan ƙari, saboda haka farin ƙyalle mai mita biyu da 'yan kai a faɗi da mita ɗaya a tsayi ya yi. Baƙin da ke sama da ƙasa ba matsala ba ne. Kada wani ya danna maɓallin cika allo, domin zai yanke gefuna, kuma Kurosawa yakan sa mutum ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan. A ɗaure ƙyallen ta kusurwa huɗu kada iska ta kaɗa shi, a fara bayan sallar isha'i, a kai janareta bayan katanga da doguwar waya, don rabin fim ɗin ƙarar daji ce. Kashi biyu ne, 1902 da 1907, kuna iya raba shi dare biyu.

Harshe kuwa, fassarar inji zuwa Hausa takan bi ta Turanci, ta iso a karye, ga shi ba kowa zai iya karatu da sauri ba. Ku koma ga tsarin majigin da, wanda mutum ke tsayawa gefe da lasifika yana bayani. Ku zaɓi wanda ya iya Turanci da bakin Hausa, ya kalli fim ɗin sau biyu, ya rubuta sunaye da muhimman maganganu a takarda. Dersu gurɓatacciyar Rashanci yake yi, gajeru-gajeru, kada mai fassara ya mai da shi abin dariya. Ya ba shi muryar tsohon maharbi. A rage sautin fim ɗin kaɗan lokacin magana, a mayar idan an gama. Idan aka zo tafkin Khanka, daga inda Dersu ya ce a yanki ciyawa, mai fassara ya ajiye makirufo har gari ya waye musu.